Likita ya ce naman zuciyata ya ɗan yi kauri saboda hawan jini, yana komawa daidai kuwa?

Abban Sadiƙ:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah masu sani a taimaka min da bayani, wallahi tun ranar Talata ban samu barcin kirki ba. Shekaruna 46, shekara huɗu kenan da aka ce min ina da hawan jini, aka ba ni amlodipine na sha kamar wata uku da na ji garau sai na ajiye, sai in na ji ƙeyata ta yi nauyi nake aika yaron shago kemis ya sayo min ƙwaya biyu uku in sha. To kwanan nan in na hau benen shago sai in ji ina haki, na je asibiti aka auna 168/102, aka tura ni hoton zuciya wanda ake shafa wa mutum wani abu mai sanyi a ƙirji, wai eko. Da na kawo takarda likitan ya duba ya ce bangon zuciyata na ɓangaren hagu ya ɗan yi kauri, milimita 12, ya ce kaɗan ne amma kar in ƙara wasa da magani, ya ƙara min losartan a kan na da. Layi ya yi yawa ban samu na tambaye shi komai ba. Shin wannan shi ne kumburin zuciyar da ake faɗa? Yana komawa daidai ko shi kenan? 'Ya'yana biyar, babban bai gama sakandare ba.

Nas Ummi:
Wa alaikumus salam Yaya, Allah ya ba ka lafiya. Ka kwantar da hankalinka tukuna, ni a ɗakin masu ciwon zuciya nake aiki kuma irin takardarka kusan kullum sai mun gani. Zuciya tsoka ce, kamar ƙwanjin mai faskare, in kullum yana ɗaga gatari dole damtsen ya murɗe. Ɗakin zuciya na hagu na ƙasa shi ne ke tunkuɗa jini zuwa duk jiki, to in jinin ya hau sai ya zama da ƙarfin tsiya yake turawa dare da rana, shekara huɗu babu hutu, shi ya sa bangon ya yi kauri. A namiji kaurin da aka saba gani bai cika wuce milimita 10 ba, daga 11 zuwa 13 shi ake cewa ɗan kaɗan, ka ga kai a nan kake.

Matsalar ita ce a damtse kauri ƙarfi ne, a zuciya kuwa ba haka ba. Bango mai kauri yana sandarewa, ba ya sakewa yadda ya kamata ya karɓi jini tsakanin bugu da bugu, kuma shi kansa yana buƙatar jinin da ya fi na da. In aka bar shi haka shekara da shekaru a nan ne ake zuwa ga kasawar zuciya, ƙafa ta kumbura mutum ya kasa kwanciya sai ya tara matasai, ko bugun ya rikice, ko shanyewar ɓarin jiki. Wancan ne mutane suka fi kira kumburin zuciya, kai ba ka kai can ba.

Kuma eh yana raguwa, in jinin ya sauka ya zauna a ƙasa. Ba a sati biyu ba fa, abu ne na watanni, wata shida zuwa shekara kafin a gani a hoto. Losartan ɗin da ya ƙara maka ba a banza ya zaɓe shi ba, akwai wani babban bincike da aka fitar a 2002 a kan mutum sama da 9,000 masu hawan jini da kaurin zuciya, aka gwada shi da wani maganin hawan jinin mai suna atenolol, waɗanda suka sha losartan kaurinsu ya fi raguwa kuma shanyewar jiki ta fi ƙaranci a cikinsu. Amlodipine kuma yana yi wa baƙar fata aiki sosai, a 2019 an wallafa binciken da Farfesa Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya jagoranta a ƙasashen Afirka shida, haɗin da ke da amlodipine a ciki shi ya fi sauke jini. Abin da ake so ka dawo ƙasa da 140/90 tukuna, in jiki ya ɗauka a kai ka wajen 130/80.

Abin da ya fi ƙona min rai a aikin nan shi ne maganar nan ta sai na ji ƙeyata ta yi nauyi. Yaya hawan jini ba ya sallama, na sha auna mutum in ga jininsa ya kai 190 yana zaune yana min hira yana cewa shi lafiyarsa ƙalau. Maganin kullum ne, ko ka ji daɗi ko ba ka ji ba.

Malam Na Zariya:
Allah ya ƙara sauƙi ɗan'uwa. Ni shawarata ka riƙe zoɓo ba sukari da tafarnuwa safe da yamma, maƙwabcina da shi ya rabu da nasa. Maganin Bature in ka fara shi kenan ka zama bawansa, kuma an ce yana kashe ƙoda.

Nas Ummi:
Malam don Allah a yi haƙuri, wannan maganar ta ƙoda ita ta kai mutane da yawa kan injin wankin ƙoda. Hawan jinin da aka ƙi sha wa magani shi ke cinye ƙoda, losartan ma har masu ciwon suga ake ba wa don ya kare musu ita. Abin da ake yi shi ne bayan an fara shi da sati ɗaya zuwa biyu a yi gwajin jini a duba ƙoda da sinadarin fotashiyam, Yaya in ba a rubuta maka ba ka tuna wa likita. Zoɓo ba laifi, yana ɗan taɓa jini ƙasa kaɗan, amma ba zai sauke 168 zuwa 130 ba. Ƙwayoyin da ya kamata ka guda su ne na ciwon jiki irin diclofenac da ibuprofen da 'yan kasuwa ke sha kamar gyaɗa, su ne ke hawar da jini su taɓa ƙoda. Kuma kar wata mai ciki ko mai neman haihuwa ta karanta nan ta je ta sayi losartan ko lisinopril, suna cutar da ɗan tayi.

Maman Hanan:
Abban Sadiƙ wallahi kamar maigidana ne ya rubuta wannan, shi ma haka ya yi ta wasa da magani har aka ce masa zuciya ta yi kauri, ranar da ya dawo da takardar ko tuwo bai iya ci ba. Ni abin da zan ce ka zauna da maiɗakinka ka yi mata bayani, don rabin maganin nan a tukunyarta yake. Mu da aka ce a rage gishiri na ɗauka gishirin gwangwani kawai ake nufi, na rage shi amma ina nan ina marmasa dunƙule huɗu biyar a miyar kuka, ga farin magi ga kanwa a ɗanwake da miyar kuɓewa, ga yajin tsire da kilishin da yake tahowa da shi da daddare, ashe duk gishiri ne. Sai da wata likita ta ɗauko ƙaramin cokalin shayi ta nuna min ta ce duk abin da mutum zai ci a yini gaba ɗaya kar gishirinsa ya kai cikin wannan, giram 5, haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce. Na koma daddawa da citta da tafarnuwa da albasa mai yawa, dunƙule ɗaya tak, satin farko yara har yajin cin abinci suka yi min amma yanzu in mun ci na gidan biki mu ne ke jin gishiri ya yi yawa.

Sannan mun sayi na'urar awo ta dijital wadda ake ɗaurawa a damtse, ba ta wuyan hannu ba. Bayan asuba kafin ya sha magani sai ya zauna ya jingina minti biyar ba magana, hannu a kan tebur, ya auna sau biyu in rubuta a littafin makarantar Hanan da ya rage, da daddare ma haka, littafin muke kai wa likita. Maganin kuma kusa da carbinsa nake ajiyewa don kar ya manta. Masallacin Juma'a da kasuwa da yake hawa mashin yanzu da ƙafa yake zuwa, kamar rabin awa kullum, goro ya rage, lemon kwalba ya bari, tumbin ma ya sauka. Da azumi likita ta mayar masa da shan maganin lokacin sahur, bai fasa ko kwana ɗaya ba. Bayan shekara aka sake eko aka ce kaurin ya ragu, a mota ya yi ta hawaye yana hamdala. Kuɗin magani kam akwai nauyi ba zan ɓoye maka ba, mu ranar da kuɗi suka shigo muke sayen na wata guda gaba ɗaya kafin a taɓa komai.

Abban Sadiƙ:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri ya bar zumunci. Hajiya Maman Hanan na karanta wa uwargida naki tun daga farko har ƙarshe, ta ce dunƙule shida take sawa. Nas gwajin ƙodar an rubuta min, ni ne ban je ba don na ga kamar ɓarnar kuɗi ce, gobe in sha Allahu da shi zan fara kafin in buɗe shago. Tambaya ɗaya ta rage, matata ta ce ina minshari sosai har numfashina yana ɗaukewa in farka a firgice, yana da alaƙa da wannan?

Nas Ummi:
Yana da ita sosai Yaya, ɗaukewar numfashi cikin barci na daga abubuwan da ke hana jini sauka ko ana shan magani, lallai ka faɗa wa likita ranar da za ka koma. Ka kuma gaya masa in a danginku akwai wanda ya taɓa yanke jiki ya faɗi ya rasu yana matashi, don akwai wani kaurin zuciyar na gado wanda ba ruwansa da hawan jini kuma kulawarsa daban ce. Kafin ranar, in ka ji ƙirji ya riƙe ka kamar an ɗora dutse, ko numfashi ya gagara kana zaune, ko baki ya karkace ko hannu ya saki, kar ka tsaya aiken yaro kemis, a kai ka asibiti a lokacin ko da tsakar dare ne.