Agogon kyamara da na na'urar danna yatsa sun ƙi jituwa

Maikemis_Kawo: Salamu alaikum 'yan uwa. A shagona na'urar danna yatsa ta rajistar zuwan ma'aikata tana gaba da minti 11, akwatin kyamara kuma da an ɗauke wuta sai ya koma 1970. Mai gyara ya ce in kawo 25,000 ya daidaita su. In biya, ko abin da zan iya ne da kaina?

Ɗan_Rigasa: Alhaji ka sa sola kawai ka huta.

Injiniya_TudunWada: Kar ka biya. Akwai ɗan batiri kamar kwabo a cikin akwatin, CR2032, shi ne ya mutu. Canza shi. Sannan ka shiga saitin lokaci na kowace na'ura ka kunna NTP, wato ɗaukar lokaci daga intanet, ka rubuta pool.ntp.org, lambar ƙofa 123, ka zaɓi GMT+1, wato lokacin Najeriya. Muddin rauta, wato na'urar da ke raba intanet, na da data, duk daga wuri ɗaya za su riƙa ɗaukar lokaci. Batirin 500 ne.

Hajiya_Barnawa: Wannan GMT ɗin shi ya kashe ni. An kwashe mini atamfa turmi tara a sito, ƙarfe 2 na rana ina wajen biki. Hoto ya fito, fuskar ba ta fito sosai ba, amma rigar na santa. Sai ga agogo yana nuna 9 na dare. Ashe wanda ya ɗaura mini kyamarar ya bar ta a lokacin ƙasar Sin, tazarar awa 7. Siton ba taga, ba mai gane rana ne. Yaron da nake zargi ya kawo shaidu cewa ƙarfe 9 yana majalisa. Ni aka koma ba wa haƙuri, har uwarsa ta zo gida tana gaya mini magana.

Ɗan_Rigasa: Allah ya mayar da alheri Hajiya. Amma Injiniya 500 a ina? 2,000 na saya.

Injiniya_TudunWada: An yanke ka ne.

Baban_Ummi: Na 500 ba ya wata uku. Shekara 9 ina ɗaura kyamara, ba a YouTube na koya ba.

Sarkin_Zolaya: Ku bi ladanin unguwarmu, bai taɓa komawa 1970 ba.

Malama_Kakuri: Ku kuna ta batiri. Mu a wajen aikinmu na'urar yatsa tana gaba da minti 8, wata uku ana zaftare mana albashi wai makara. Da lokacin tashi ya yi kuma agogon bango ake bi.

Maikemis_Kawo: To ni dai in biya ko kar in biya?

Malama_Kakuri: Alhaji kai ma ka fara mayar wa yaranka kuɗin minti 11 ɗin nan tukuna.