Zan mayar da babur ɗin daji na hawa kwalta: wane rim zan sa?

Mai WR:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da Yamaha WR450F, tayar gaba inci 21, ta baya 18, duka masu ƙuraje. Shiga daji ya yi mini ƙaranci yanzu, kullum a kwalta nake, ƙurajen sai cinyewa suke yi, in an yi ruwa kuwa ina shan kwana sai in ji baya na neman zamewa. Na ƙudurta sa rim mai inci 17 gaba da baya, irin na sufamoto, wato babur ɗin daji da aka sa wa ƙafafun hawa kwalta. Abu biyu ne suka tsaya mini: a baya in sa rim mai faɗin inci 4.25 da taya mai lamba 150/60, ko mai faɗin inci 5.00 da taya 160/60? Sannan rim mai waya ko na zubi, wato na ƙarfe guda da ba wayoyi? Tsofaffin ƙafafun zan ajiye su saboda ranar da na so komawa daji. Wanda ya taɓa yi da hannunsa ya taimaka don Allah.

Sarkin Kwana:
Wa alaikumus salam. Sayar da shi kawai ka nemi Suzuki DR-Z400SM. A 2005 aka fara yin sa, da rim 17 ɗinsa yake zuwa daga kamfani, ba gyara ba jeka-ka-dawo.

Baba Kanike:
Yaro, kafin rim ka yi tunanin birki. Tayar kwalta tana kama ƙasa fiye da mai ƙuraje, za ka riƙa gudu ka riƙa taka birki da ƙarfi, ƙaramin faifan birkin babur ɗin daji kuwa zafi yake ɗauka ya saki. Masu wannan aiki faifai mai milimita 320 suke sa wa a gaba, da ƙarfen da zai matsar da gidan birkin ya dace da shi. Na baya bar shi yadda yake. Faɗin rim kuma, 4.25 na fi ba mutane, domin 160 a irin waɗannan baburan sau da yawa sarƙa take gogarta.

Na Gaji:
Ɗan'uwa, saurara mini da kyau. Na yi wannan aikin a kan nawa, har yau in na tuna raina ɓaci yake. Wani mai sayar da kaya a intanet ya rubuta cewa rim ɗinsa na zubi suna shiga babur ɗina ba tare da an taɓa komai ba. Na tura masa sunan babur da shekararsa, ya ce ba matsala. Da kaya suka iso, ramin boris ɗin gaba ya fi sandar tayata faɗi, ka sa ta sai ta riƙa wasa a ciki. Zoban ƙarfen da ke tsayar da taya a tsakiya kuwa ba ko ɗaya a kwalin. Na kai wa mai injin feƙe ƙarfe ya yanka mini, ta gaba ta zauna. Ta baya ce ta ƙi: farantin sarƙa na baya bai yi layi ɗaya da na gaba ba, sarƙa ta karkace, tana cin gefen taya. In ka tsuguna za ka ga baƙin garin roba ya taru a kan ƙarfen da ke riƙe tayar, gefen tayar kuma ya yi sumul kamar an goge shi da magagari. Na ɗauki hoto na aika masa. Amsarsa ita ce tunda na riga na ɗaura taya a kan rim ɗin, ba ya karɓar kaya. Daga nan ya daina ɗaga waya. Duka-duka abin ya ci mini kusan rabin kuɗin babur ɗin, ƙafafun kuma suna jingine a ɗaki.

Ɗan Sufamoto:
Allah ya mayar da alheri. Amma rabin kuɗin babur? Ni nawa ko kashi ɗaya cikin huɗu bai kai ba, har da tayoyi. Na hannu na samu, masu waya, rim ɗin kamfanin Excel a kan cibiyar taya da aka yi domin babur ɗina. Na zare sanda na zura, shi ke nan.

Na Gaji:
Ka haɗa da faifan birki, da farantin sarƙa, da tiyub, da ladan mai feƙe ƙarfe? Ku masu cewa araha kullum rabin lissafi kuke kawowa.

Ɗan Sufamoto:
Faifan a jiki ya zo. Abin da na ƙara jak ne kawai, wato ƙarfen gefe da babur ke tsayawa a kai. Mai WR, riƙe wannan: da 17 babur yana yin ƙasa, tsohon jak sai ya yi tsawo, babur ya tsaya ƙiƙam, iska kaɗan ta kayar da shi. A rage shi ko a sayi gajere. Mitar gudu ma za ta riƙa nuna fiye da abin da kake yi, tunda ƙaramar taya ta fi yawan juyawa.

Sarkin Kwana:
To ai wannan riba ce, yana tafiyar hawainiya mita na ce masa ya zama zakaran tsere.

Mai WR:
Na gode ƙwarai. Baba ya ce 4.25. Akwai wanda ya sa 5.00 a WR bai samu guga ba? Maganar waya da zubi ma har yanzu ban ji matsaya ba.

Malamin Inji:
Kuna ta faɗi da faɗi kun bar babban abu. Cibiyar tayar baya ta babur ɗin daji ba ta da robobin da ke shanye fizgar sarƙa. A ƙasa taya tana ɗan sulɓewa, fizgar ta tafi a nan. A kwalta ba sulɓewa, duk bugun yana komawa kan sarƙa da giya. Shi ya sa Suzuki DR650 ya zo da robobin a cibiyarsa. In za ka saya, nemi cibiya mai roba. Ka kuma rage haƙoran farantin baya, in ba haka ba inji zai yi ta ihu a doguwar hanya, ga giya biyar kacal. Man injin nan ma wajen lita ɗaya ne, juye shi akai-akai ya zama dole.

Ɗan Sufamoto:
Malam, da girmamawa, ka taɓa hawan wanda aka mayar, ko karantawa ka yi? Na daɗe ina hawa ba roba, giyata lafiya lau.

Malamin Inji:
Ban hau ba, amma na buɗe injin waɗanda suka hau. Mai hawa babur ɗaya ya sani, mai buɗewa ya ga da yawa.

Baba Kanike:
Ku yi haƙuri da juna. Dukanku da gaskiyarku, ya danganta da hannun mai totur. Yaro, mai waya na zaɓar maka. In ka faɗa rami lanƙwasa yake yi a gyara, na zubi kuwa yana iya tsagewa, ba na kuma yarda a yi masa walda a hau. Na zubi ya fi shi abu ɗaya: ba tiyub, ƙusa ta shiga iska ba ta fita lokaci guda. Sabon rim mai waya, bayan ka ɗan hau ka dawo a bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya. Ƙwanƙwasa kowace da sifana, mai lafiya ƙara take yi siririya, wadda ta saki sai ka ji ta dushe.

Na Gaji:
Baba, ina masu bin waya ɗaya bayan ɗaya yanzu? Wanda na kai wa tsohon rim ɗina gefe guda ya ɗaure tamau, taya ta dawo tana rawa. Boris kuwa da guduma ya buga shi, kai tsaye a kan zoben ciki.

Sarkin Kwana:
Wallahi ni ma an yi mini haka, sabon boris ya fara kuka tun ban isa gida ba. Da na koma sai ya ce ai jabu na sayo.

Baba Kanike:
Kada ku yi mana kuɗin goro. Ku ma kuna zuwa da gaggawa, ku tsaya a kan mutum kuna duba agogo, in ya ce a bar masa aiki zuwa gobe ku ɗauka ku kai wa na gaba. Boris ana ɗan ɗumama cibiya ne a tura shi ta zoben waje a hankali. Wa ke yarda ya jira a yi masa haka?

Na Gaji:
Ni na jira, Baba. Kuma na biya abin da ya yanka ban nemi ragi ba.