Masu sikila, ƙaiƙayi na zuwa muku tare da ciwo?

Mai buɗe zance: Assalamu alaikum 'yan uwa. A 2019 wasu likitoci a Faris sun auna jinin masu amosanin jini, suka tarar histamin ya yi wa wasu yawa ko suna lafiya, kuma ya fi hawa idan ciwo ya tashi. Histamin shi ne sinadarin da ke kawo borin jini, ƙaiƙayi da atishawa. Ku da ke fama da shi, me kuka lura?

Wata daga Zariya: Wa alaikumus salam. Ni ƙaiƙayina ba daga ciwon ba ne, daga mofin ne, allurar nan mai ƙarfi ta kashe zafin ciwo. Da an yi mini allurar sai fuska da hanci da ƙirji su kama. Ƙashi ya lafa, susa ta karɓa. Har wata ma'aikaciyar jinya ta taɓa cewa raki ne kawai.

Ma'aikacin jinya: Yi haƙuri 'yar uwa, ba raki ba ne. Mofin na sa wasu ƙwayoyin garkuwar jiki, da ake kira mast, su zubar da histamin. A 2013 masu bincike a Jami'ar Minnesota ta Amurka sun nuna a jikin ɓeraye masu sikila cewa waɗannan ƙwayoyin na ƙara zafin ciwo, kuma da aka kwantar da su ƙaramin mofin ya ishe su. An kuma gani a ɗakin gwaji cewa histamin na sa jajayen ƙwayoyin jini su manne da bangon jijiya, wato toshewar da ke hana iskar oksijin isa ƙashi.

Uwar yara biyu, Maraɗi: Ɗana duk hunturu sai ya fara da mura da jan ido, kwana biyu sai gwiwoyi. Ƙanwarsa kuwa, ita ma SS, ba ta taɓa ƙaiƙayi ba. To in fara ba shi Piriton kenan?

Ma'aikacin jinya: A'a Hajiya, kada ki yi gaban kanki. Ɓera daban, yaro daban. Piriton na rage susa, amma ba maganin tashin sikila ba ne, kuma yana sa barci. In ya haɗu da mofin numfashi na iya rauni. Ki gaya wa likitansa zancen murar nan.

Wani daga Kano: Ni dai tun da aka ɗora ni kan hydroxyurea, maganin rage yawan tashin sikila, kwanciya asibiti ta ragu, ban ma cika haɗuwa da allurar ba. Kuɗin maganin ne matsalata yanzu.