Masu hannun jarin Nvidia, AMD da Intel: riƙewa kuke yi ko juyawa?

Baban Ummi:
Salam 'yan uwa. Ina son jin ta bakin waɗanda suka sa kuɗinsu da gaske a kamfanonin cip ɗin kwamfuta, ba masu jin labari ba. Ajiyewa kuke yi shekaru ko da ya ɗan tashi sai ku sayar ku jira ya sauko?

Injiniya:
Wslm. Ni AMD na riƙe tun 2017 da suka fito da cip ɗinsu na Ryzen, kuma ba wani lissafi na yi ba, aikina haɗa kwamfuta ne, sai na ga kwastomomi da bakinsu suna cewa a sa musu Ryzen, abin da a da ko a mafarki ba ka ji, kowa Intel ya sani. AMD ɗin nan fa a farkon 2016 hannun jarinsa ya taɓa yin ƙasa da dala 2, ana ta cewa ya mutu saura binnewa, Lisa Su da ta karɓi shugabanci a 2014 ita ta tashe shi. A 2022 ya zube fiye da rabi ina kallo, goge manhajar hannun jarin na yi daga waya don na samu barci, tunda cip ɗin dai bai daina shiga kasuwa ba.

Sarkin Juyi:
Ni kam juyawa nake, kusa da rahoton ciniki da riba da kamfani ke fitarwa duk wata uku nake shiga. Amma ku sani rahoton Nvidia bayan an tashi kasuwa yake fitowa, kafin gari ya waye farashi ya gama tsallensa. A Mayun 2023 kusan kashi 24 cikin 100 ya hau rana guda, wanda bai shiga tun jiya ba sai kallo. Wani lokacin kuma rahoto ya yi kyau amma farashi ya faɗi, wai don an sa ran abin da ya fi haka. Ga kuɗin dillali kullum yana gutsurar ribar. Ana samu, amma wlh aiki ne, mai zuwa ofis kar ya fara.

Maman Khalil:
Yaya Injiniya ka yi dace da kamfani ne, ba riƙewar kaɗai ba. Ni da zan fara kowa Intel yake nuna min, wai babba ne kuma yana raba riba, na dai tsaya na duba tarihin farashinsa sai na ga wanda ya saya a ƙololuwar farashin shekarar 2000 ya haura shekara 20 farashin bai koma wurin ba. Sannan a Agustan 2024 ya faɗi kashi 26 cikin 100 rana ɗaya, aka dakatar da rabon ribar, a Nuwamba kuma Nvidia ta maye gurbinsa a Dow Jones, jerin manyan kamfanonin Amurka da ake auna kasuwa da su. To mai haƙurin nan me za a ce masa? Shi ya sa na koma asusun zuba jari da ya haɗa hannun jarinsu duka, duk wata in zuba kaɗan, wanda ya ci a cikinsu ina da rabo.

Injiniya:
Gaskiyarki Hajiya. Ni ma ranar da na ga kayan AMD sun daina tafiya zan fita.

Ɗalibi:
Nawa ɗan kaɗan ne, bayan an raba hannun jarin Nvidia gida 10 a Yunin 2024 na shiga. Ranar 27 ga Janairun 2025 da maganar DeepSeek, manhajar AI ta wani kamfanin Sin, ta fito aka ji tsoron buƙatar cip ɗin Nvidia za ta ragu, ya sauka kusan kashi 17 cikin 100, hannuna har rawa yake a kan maɓallin sayarwa, na dai daure. Abin da ya fi damuna yanzu Nvidia da AMD duk kamfanin TSMC na Taiwan ne ke ƙera musu cip, in wani abu ya taso tsakanin Taiwan da Sin su biyun zai shafa.

Baban Ummi:
Na gode sosai. Maman Khalil, asusun nan nawa suke cira a shekara?