MariaDB na ƙin tashi in sabar LDAP ba ta kunne, ina mafita?

Mai tambaya, Unguwar Rimi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai wata kwamfuta mai Debian a wani ofis nan Kaduna, sunayen ma'aikata duk suna cikin LDAP, wato rajistar asusu da ke kan wata saba daban, manhajar nslcd ke ɗauko su. An saka MariaDB, manhajar rumbun bayanai, da apt mai girka fakiti, tana aiki lafiya. Amma in aka ɗauke wuta aka tada janareta, kwamfutar ta riga sabar LDAP tashi, sai MariaDB ta tsaya, systemctl ya nuna 217/USER, wato ba a samu asusun da za ta yi aiki da shi ba. Na duba /etc/passwd, fayil ɗin asusun cikin injin, babu mysql (asusun da MariaDB ke aiki da shi) a ciki. Me ya hana apt buɗe asusun?

Amsa daga Kawo:
Wa alaikumus salam Malam. Kafin fakitin ya buɗe asusu, sai ya fara tambaya da getent passwd mysql. Shi kuwa getent ba /etc/passwd kaɗai yake dubawa ba, yana bin duk abin da ke cikin /etc/nsswitch.conf, har da ldap. To akwai mysql a LDAP ɗinku, sai fakitin ya ɗauka an gama. Ran da sabar ta kwanta, sunan ya ɓace, systemd, mai tada manhajoji, ya rasa wanda zai ba aikin. Ka gwada getent -s files passwd mysql, ba abin da zai fito.

Ga gyaran. Tsayar da mariadb, ka cire ldap na ɗan lokaci daga layin passwd da na group a nsswitch.conf, don muddin adduser na ganin sunan, ba zai buɗe sabo ba. In akwai nscd, mai riƙe sunaye na ɗan lokaci, share abin da ya riƙe da nscd -i passwd da nscd -i group. Sai adduser --system --group --no-create-home mysql, sannan chown -R mysql:mysql /var/lib/mysql. Kar ka tsallake wannan, fayilolin har yanzu tsohuwar lambar asusu (UID) suke ɗauke da ita. Ka mayar da ldap, amma files, wato fayilolin asusun cikin injin, ya zama a gaba.

Amsa daga Tudun Wada:
Haka ne. Ni a ganina asusun da aiki ba ya tashi sai da shi, a cikin injin ya kamata ya zauna, fakiti kuma files kaɗai ya dace ya duba. Ka kuma raba lambobi. A Debian, 100 zuwa 999 na asusun tsari ne, na mutane ya fara daga 1000. Ka fara na LDAP daga 10000, ka sa nss_min_uid 10000 a nslcd.conf, amma sai ka tabbatar babu ma'aikacin da lambarsa ke ƙasa da haka, in ba haka ba ya kasa shiga.

Amsa daga Barnawa:
Masu saka irin waɗannan asusun a LDAP galibi NFS, wato raba fayiloli tsakanin kwamfutoci, ne dalilinsu, suna so lamba ta zama ɗaya a ko'ina, tunda adduser lambar da ya samu babu kowa yake ɗauka. In hakan kake buƙata Malam, ka buɗe mysql da --uid iri ɗaya a kowace kwamfuta tun kafin ka kira apt. Fakitin zai tarar da shi ya wuce.