Wane suna za mu ba wasan «bras de fer» da Hausa?

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana harshe game da wasan nan da mutum biyu ke fuskantar juna, kowa ya kafa gwiwar hannunsa bisa tebur, su riƙe tafin juna, kowanensu yana ƙoƙarin kwantar da bayan hannun abokin karawarsa. A nan Yamai matasa suna kiransa «bras de fer» ko da Hausa suke magana, alhali tun da aka saka shi cikin Wasannin Afirka da aka yi a birnin Accra a watan Maris na 2024, ya kamata masu ba da labarin wasanni su samu sunan da za su tsaya a kai. «Hannun ƙarfe», wato fassarar sunan na Faransanci kai tsaye, bai kwanta mini ba, domin ya fi kama da kirarin ɗan dambe. «Gwajin ƙwanji» kuwa ya yi faɗi, tun da jan igiya da ɗaga ƙarfe duk suna cikinsa.

Amsa daga Tawa:
Wa alaikumus salam, Malam. A ganina «kokowar hannu» ta wadatar. Mu da aka fara gasar kokowa ta ƙasa a garinmu a shekarar 1975, wadda Kantu na Maraɗi ya lashe, mun san cewa abin da ya raba kokowa da dambe shi ne kaye: ba a bugu, ana riƙo ne, ana neman inda abokin karawa ya yi sako-sako har a kai shi ƙasa. Wannan wasa ma haka yake, sai dai hannu ne ke shan kaye.

Amsa daga wata malamar makaranta:
Alhaji, ina da ja kaɗan. Wace kokowa ce ake yi ba da hannu ba? Da an ce «kokowar damtse», da mai sauraro ya gane nan take inda ƙarfin yake.

Amsa daga wani mai yin wasan:
Malama, da damtse ne kaɗai ke aiki, da mai kaurin damtse bai taɓa faɗuwa ba. Wanda ya saba da teburin ya san cewa tun daga yatsu da wuyan hannu ake cin mutum, domin da zarar an lanƙwasa maka wuyan hannu baya, ƙarfin damtsenka da na kafaɗarka sun tashi a banza. Shi ya sa alkalin wasa ke ɗaukar lokaci yana daidaita riƙon kafin ya ba da izini, kuma idan tafukan suka zame sai a ɗaure su da maɗauri a sake. Kalmar «hannu» a Hausa ta ɗauki gaɓar duka daga yatsa zuwa kafaɗa, don haka ita ta fi dacewa.

Mai tambaya:
Na gode muku duka. Hujjar wuyan hannu ta rinjaye ni, saboda haka zan riƙa rubuta «kokowar hannu», mai yin ta kuma «ɗan kokowar hannu». Malama, idan an ce «ya kayar masa da hannu», ina jin shakkun da kika kawo zai gushe. Amma inda jaridun Faransanci suka ce ana «bras de fer» tsakanin gwamnati da ƙungiyoyin ƙwadago, a bar mana «ja-in-ja» ko «takun saƙa» da muka saba da su.