Ana iya yi wa sabon tsarin kabon na mota rajistar mallaka a Gana?

Mai Kwayil Suame:
Salamu alaikum jama'a. Ina aikin sitata da armecha (abin da ke juyawa a cikin sitata) a Suame Magazine, unguwar makanikai a Kumasi. Matsalar da na gani ita ce in kabon, wato ɗan guntun da ke kai wuta ga armecha, ya ci rabi sai sifirin ya saki, ba ya danna shi sosai a kan kwamiteta, zoben tagullar da yake gogawa, sai tartsatsi, tagullar ta yi baƙi ta ƙone. To na sake fasalin gidan da kabon ke zama da wajen da sifirin ke kamawa, yanzu har ya kusa ƙarewa dannawar ba ta raguwa. Ina tsoron wani ya kwafa ya kai Caina a buga. Ana iya yi masa faten, wato takardar mallakar ƙirƙira?

Baban Sadiya:
Wa alaikumus salam Masta. Kabon ɗin kansa ka manta da shi, tun kafin 1900 ake sa shi a injuna, yanke shi ko goge shi da fayil ya shiga wani gida ba ƙirƙira ba ce. Gidan da sifirin ne abin dubawa. Amma fa akwai sifirin mai naɗi kamar tef ɗin awo da aka daɗe ana sawa don wannan matsalar, shiga shafin Google Patents ka bincika rukunin H01R 39, inda ake jera irin waɗannan ƙirƙira na kabon, tukuna, in wani ya taɓa fitar da irinsa ko a wace ƙasa ne naka ba sabo ba ne kuma.

Hajiya Nima:
Dokar ita ce Act 657 ta 2003, a ofishin Rajistara Janar a Accra ake shigarwa. Faten shekara 20 ne amma sai abu ya zama sabo, yana aiki, kuma ba wanda duk ƙwararren mai gyara zai hango da kansa ba ne, a nan ne ƙananan gyare-gyare ke faɗuwa. Ni dai shawarata ka nemi ƙaramar takardar, yutiliti model, shekara 7 ce ba a sabuntawa amma ba a neman wancan sharaɗi na ukun. Kuma don Allah kar ka sa bidiyo a TikTok kafin ka shigar.

Mai Kwayil Suame:
Na gode Hajiya. Takardar Gana za ta hana su a Caina?

Hajiya Nima:
A'a ɗan'uwa, iyakarta Gana, abin da za ta ba ka shi ne ikon hana shigo da na kwafi a sayar a nan. ARIPO, ƙungiyar rajistar ƙirƙira ta ƙasashen Afirka da ke Harare, na haɗa ƙasashe da dama da takarda ɗaya, amma Najeriya ba ta ciki, Togo da Burkina da Nijar kuma a wata ƙungiyar daban, OAPI, suke, kowanne da kuɗinsa daban. Ka fara samun mai zane ya zana maka gidan da awonsa.